Wa ke kashe sojojin jiki? Tarihin tambayar da HIV ya bar wa likitoci

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba.

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa asibiti ɓangaren masu HIV, ko ya zauna ajin bayoloji, ya ji ana cewa "CD4 ɗinsa ya sauka". In ka tambayi dalili kuwa, amsar kowa ɗaya ce: ai cutar ce ke cinye sojojin jiki. Ba ƙarya ba ne. Sai dai masana sun shafe fiye da shekara 30 suna gardama a kan yadda cinyewar take faruwa, domin da aka zauna aka ƙirga, sai aka tarar yawancin sojojin da ke mutuwa ba su ne cutar ta mamaye ba. Wannan giɓin da aka kasa cikewa da wuri, wasu sun bi ta cikinsa sun yi ɓarna, har aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa. Tarihin da za mu bi yau ke nan.

Don kada mu ruɗe, in na ce bairos ina nufin HIV, in na ce ƙwaya ina nufin ƙwayar halittar jikin mutum. Ita ƙwayar CD4 ɗaya ce daga cikin fararen ƙwayoyin jini. Ba ita ke kai sara da kanta ba. Aikinta kamar na sankira ne a gari: ita ke gane baƙo ya shigo, ta yi shela, ta tashi masu haɗa makamin kariya, ta tashi ƙwayoyin CD8 masu kisa. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 zuwa 1,500 a cikin ɗigon jini ɗan mitsitsi kamar kan allura. In suka yi ƙasa da 200, sai cututtukan da a da ba sa iya ɗaga kai su samu gari ba mai shela. Wannan matakin ne ake kira AIDS, mu kuma muka ce ƙanjamau.

Mu fara daga birnin Los Anjeles na Amurka. Ranar 5 ga Yunin 1981, mujallar mako-mako ta hukumar CDC ta buga wani ɗan gajeren rahoto daga wani matashin likita mai suna Michael Gottlieb na jami'ar UCLA. Samari 5 ne, duk sun kamu da wani irin ciwon huhu da ba a saba ganinsa ba sai ga wanda garkuwarsa ta riga ta rushe, 2 daga cikinsu ma sun rasu kafin rahoton ya fito. A lokacin, dabarar ƙirga ire-iren fararen ƙwayoyin jini sabuwa ce ful. Da aka gwada ta a jinin irin waɗannan majinyata, sai aka ga ƙwayoyin CD4 sun kusan ƙarewa. Ku lura da wannan: an ga gawar sojojin tun kafin a san wa ya yi kisan.

Shi mai laifin sai a 1983 aka kama shi, a cibiyar Pasteur da ke Faris. Kun san kaluluwa, ƙullutun nan da ke kumbura a wuya ko hammata ko matsematsi idan jiki na faɗa da ciwo. An yanko kaluluwar wuyan wani majinyaci, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier da abokan aikinsu suka raini ƙwayoyin cikinta a kwalba. Alamar bairos ta bayyana, ta hau, sai kuma ta fara ɓacewa. Da suka duba, ashe ƙwayoyin da ke cikin kwalbar ne ke mutuwa. Suka zuba sababbi daga jinin lafiyayye, alamar ta dawo. A ƙarshen 1984 kuma, wasu masana a Landan da wasu a Faris suka nuna cewa shi kansa sinadarin CD4 da ke jikin ƙwayar shi ne ƙofar da bairos ɗin ke kamawa ya shiga.

To magana kamar ta ƙare ke nan. Bairos ya shiga ta ƙofar CD4, ya mai da ƙwayar masana'antar haifar 'ya'yansa, ta mutu, ya wuce ta gaba. Da haka labarin ya tsaya, da shirin yau bai wuce minti biyar ba.

A 1986, masu bincike a ɗakin gwajin Robert Gallo a Amurka suka ce bari su ƙirga ƙwayoyi nawa ne a jinin majinyaci ke ɗauke da bairos mai aiki. Abin da suka samu ya ɗaure kai: bai kai 1 cikin 10,000 ba. Ta yaya ɓarawon da ya shiga gida ɗaya cikin dubu goma zai watsa gari gaba ɗaya? Ga kuma wani abu: mutum yakan kamu, ya yi ɗan zazzaɓi na mako ɗaya ko biyu, sannan ya shafe shekara 8 zuwa 10 garau. Mutane da yawa suka ɗauka a wannan tsakanin bairos ɗin barci yake yi.

Nan ne wani babban masani na jami'ar Berkeley, Peter Duesberg, ya samu wurin tsayawa. A 1987 ya rubuta cewa bairos da ba ya taɓa ƙwayoyi sai 'yan ƙalilan haka ba zai iya zama sanadin AIDS ba. Daga baya ya ɗora laifin a kan shaye-shaye, da rashin abinci, har da maganin AZT kansa. A ganina tambayar da ya yi tana kan hanya, amsar ce ta kauce, kuma ya ƙi sakinta ko bayan hujjoji sun taru: waɗanda aka ƙara wa jini mai bairos sun kamu, jarirai sun kamu daga iyaye mata, waɗanda ba su da bairos ɗin kuwa, duk shaye-shayensu, CD4 ɗinsu bai rushe irin haka ba. Rashin sanin yadda aka yi kisa ba ya wanke wanda aka kama da wuƙa a hannu.

Da gardamar ta tsaya a jami'a da sauƙi. A shekarar 2000 shugaban Afirka ta Kudu, Thabo Mbeki, ya kafa kwamitin ba shi shawara kan AIDS, ya sa Duesberg a ciki. A watan Yulin shekarar, masana da likitoci sama da 5,000 suka sa hannu a wata sanarwa a Durban suna jaddada cewa HIV ne ke jawo AIDS. Duk da haka gwamnatin ta yi ta jan ƙafa wajen raba magani, ministar lafiya Manto Tshabalala-Msimang tana tallata tafarnuwa da lemun tsami. A 2008 masu bincike na jami'ar Harvard suka ƙiyasta cewa jinkirin ya ci rayuka sama da 330,000 tsakanin 2000 da 2005, jarirai kimanin 35,000 kuma aka haife su da bairos ɗin alhali ana iya kare su. Shi ya sa ba na ɗaukar wannan tambaya a matsayin wasan 'yan boko a ɗakin gwaji.

Mu koma baya kaɗan, wajen waɗanda suka ci gaba da neman amsa ta gaskiya. A 1991 wasu Faransawa biyu a birnin Lille, Jean Claude Ameisen da André Capron, suka kawo shawarar cewa wataƙila ba kashe ƙwayoyin ake yi ba, su ke kashe kansu. Wannan ba baƙon abu ba ne a jiki. Kowace ƙwaya tana da tsarin kashe kanta idan ta tsufa, ko ta lalace, ko aikinta ya ƙare. Tun 1972 aka raɗa wa tsarin suna afoftosis, daga kalmar Girkanci mai nufin zubar ganye daga bishiya. Mutuwa ce ta shiru: ƙwayar ta tsuke, ta kakkarye cikin 'yan ƙunshi, masu shara su zo su kwashe, maƙwabta ba su ma sani ba. Ba a jima ba aka ga cewa in an ɗebi ƙwayoyin mai HIV aka ajiye a kwalba, suna saurin yin wannan mutuwar fiye da na wanda ba shi da shi, har da waɗanda bairos bai shiga ba.

Sai kuma aka gane cewa tun farko ba a inda ya dace ake ƙirgar ba. Jini shi ne mai sauƙin ɗiba, amma kimanin kashi 2 cikin 100 kacal na irin waɗannan ƙwayoyi ne ke yawo a cikinsa. Sauran suna kaluluwa, da saifa, da bangon hanji. Kamar mutum ne ya tsaya bakin titi yana ƙirga masu wucewa, ya ce ya san yawan mutanen gari. A 1993 ayarin Anthony Fauci da na Ashley Haase suka leƙa cikin kaluluwar mutanen da ke ganin kansu lafiya lau, suka tarar maƙil take da bairos. Ashe babu wani barci.

A Janairun 1995 aka samu abin da ya girgiza kowa. David Ho a New York, da George Shaw a Alabama, kowa da ayarinsa, suka ba majinyata sababbin magunguna masu ƙarfi, suka riƙa auna jini a kai a kai. Yawan bairos ya riƙa raguwa da rabi kusan duk kwana 2. Ma'ana, in dai toshe haihuwarsa na sa ya ragu da sauri haka, to kafin a toshe ana haifar sa ne da irin wannan saurin. Lissafin da Ho da Alan Perelson suka fitar a 1996 ya nuna ana haifar bairos kimanin biliyan 10 kowace rana a jikin mutum ɗaya, ƙwayar da ya mamaye kuma cikin kimanin kwana biyu take mutuwa. Ho ya kwatanta abin da famfo da magudana: jiki na zuba sababbin CD4 ta sama, bairos na tsiyaye su ta ƙasa, shekara da shekaru, har famfon ya gaji.

Kwatancen ya shiga kai, Ho ma ya zama gwarzon shekarar 1996 na mujallar Time. Amma bai cike giɓin ba. Masu bincike a Amsterdam sun nuna cewa hawan CD4 da ake gani makonnin farko na shan magani, yawancinsa ba sababbin ƙwayoyi ba ne, tsofaffi ne da suka maƙale a kaluluwa suka dawo cikin jini. Kuma a cikin 1995 ɗin dai, wata likita a Denver mai suna Terri Finkel ta yi wani aiki mai sauƙin fahimta. Ta ɗauki kaluluwar yara masu HIV da ta birai masu irin bairos ɗin, ta sa launi ɗaya ga ƙwayoyin da ke haifar bairos, wani launin ga waɗanda ke mutuwa. Launukan ba su haɗu ba sai nadiran. Masu mutuwa daban, masu bairos daban. 'Yan kallo ne ke faɗuwa.

Har ma an gano bairos ɗin yana kare gidan da ya sauka na ɗan lokaci. Yana da wani sinadari mai suna Nef da ke sauke tutar da ƙwaya ke ɗagawa don ta sanar da CD8 masu kisa cewa an shige ta. Ɓarawo ne da ke fara tsinke wayar gida kafin ya zauna cin abinci.

Daga nan bincike ya gangara ciki, a zahirin ma'anar kalmar. Tun 1985 likitoci a Uganda suka rubuta labarin wata cuta da mutanen Rakai ke kira silim, saboda gudawa da ramar da take sawa. Mu ma sunan da muka ba ta daga ƙanjamewa ya fito. Jama'a sun daɗe da ganin cewa cutar na da alaƙa da ciki. A 1998 Ronald Veazey da abokan aikinsa suka sa wa birai irin bairos ɗin da ake kira SIV, suka duba hanjinsu. Cikin 'yan makonni CD4 na bangon hanji sun rushe, alhali a jini da ƙyar ake ganin canji. A 2004 aka tabbatar da haka a jikin mutane. Dalili kuwa, tun 1996 aka gano cewa bayan ƙofar CD4 bairos na buƙatar makulli na biyu, mafi yawanci wanda ake kira CCR5, kuma ƙwayoyin hanji suna da shi birjik. A wani gwajin birai na 2005, a ranar da bairos ya kai ƙololuwa, kashi 30 zuwa 60 cikin 100 na ƙwayoyin CD4 masu tuna tsohuwar cuta sun kamu, yawancinsu suka ɓace cikin kwana 4. Wato babbar ɓarnar farko tana faruwa ne a makonnin da mutum ke zaton maleriya ce ko mura.

In masu gadin bangon hanji suka faɗi, bangon sai ya fara yoyo. A 2006 Jason Brenchley da Daniel Douek suka nuna cewa ɓurɓushin bakteriyar hanji na tsallakawa cikin jinin masu HIV. Garkuwar jiki kuwa ba ta san wasa ba, duk sanda ta ga wannan sai ta tashi tsaye. Ga bairos, ga ɓurɓushi, kullum ana cikin shirin yaƙi, ba dare ba rana. Sojan da ba ya barci ƙarshensa faɗuwa. Tun kafin nan wata masaniya a UCLA, Janis Giorgi, ta lura cewa yawan tashin hankalin garkuwar jiki yana hasashen wa zai fi saurin rushewa, wani lokaci ma fiye da yawan bairos ɗin.

Hujjar da ta fi burge ni a wannan babi daga Afirka ta Yamma ta fito. Akwai wani biri mai launin toka da ake kira mangabe, yana zaune a dazukan da suka taso daga Senegal zuwa Kwaddibuwa. Daga jikinsa HIV-2 ya tsallako zuwa mutane, kamar yadda HIV-1 ya tsallako daga birin cimfanzi a kudu maso gabashin Kamaru. Mangabe na yawo da bairos mai yawan gaske a jininsa, kamar na mutumin da ba ya shan magani, amma kusan ba ya yin AIDS. In ka ɗauki wannan bairos ɗin ka sa wa birin Asiya da ake kira makak, sai ya rushe. A 2003 Guido Silvestri da abokansa a cibiyar birai ta Yerkes da ke Atlanta suka nuna bambancin: garkuwar mangabe ba ta zama cikin tashin hankali na dindindin, kuma ƙwayoyinsa 'yan kallo ba sa mutuwa da yawa. Bairos iri ɗaya, martani daban, ƙarshe daban.

To amma har yanzu da sauran tambaya: mene ne takamaimai ke taɓa 'yan kallon nan? A nan sai mu je San Faransisko, cibiyar Gladstone, wajen Warner Greene da Gilad Doitsh. Su ba jini suka ɗauka ba. Sun karɓi tonsil, tsokar nan biyu da ke can cikin maƙogwaro wadda ake cire wa mutane a tiyata, domin ginin cikinta irin na kaluluwa ne. Suka zuba mata bairos mai alamar kore, yadda duk ƙwayar da ta fara haifar sa za ta yi haske. Kusan kashi 5 cikin 100 ne suka yi kore, amma sauran CD4 ɗin suka yi ta mutuwa. Sai suka shiga gwada magunguna ɗaya bayan ɗaya. Da suka sa maganin da ke hana bairos shiga ƙwaya, mutuwar ta tsaya. Da suka sa wanda ke barinsa ya shiga amma ya hana shi liƙewa a cikin DNA, mutuwar ta ci gaba. Ashe 'yan kallon ba 'yan kallo ba ne. An shige su, shigar ce ba ta kai ga nasara ba.

Bari in warware wannan a hankali. HIV yana zuwa da saƙonsa a rubuce da RNA. Kafin ya mallaki ƙwaya, dole ya juya saƙon zuwa DNA, kamar mai juya ajami zuwa boko, sannan ya ɗinka shi a cikin littafin gidan. Ƙwayar da ke a farke, tana aiki, tana da kayan da zai yi juyin da su. Amma mafi yawan CD4 na kaluluwa a kwance suke suna hutawa, ba kayan aiki. Sai juyin ya tsaya a rabi, guntayen DNA su taru a inda bai kamata a ga DNA ba. Wannan sakamakon a 2010 aka buga shi. A Disambar 2013 suka ƙara fitar da rahotanni biyu, a mujallun Nature da Science. Kathryn Monroe ta nuna cewa wani mai gadi a cikin ƙwayar, IFI16, shi ke tsinkayar guntayen. Da ya gan su sai a tashi wani sinadari mai suna kasfes-1, ƙwayar ta kumbura ta fashe.

Wannan ba mutuwar shiru irin ta zubar ganye ba ce. Sunanta fairoftosis, daga kalmar Girkanci ta wuta. Ƙwayar na fashewa ne tana watsa sinadaran kiran agaji, irin su IL-1 beta, masu jawo kumburi da zazzaɓi. A yawancin cututtuka wannan dabara ce mai kyau: ka ƙona ɗaki ɗaya, maƙiyi ya rasa mafaka, agaji ya iso. A HIV kuwa, masu kawo agajin su ne wasu CD4 ɗin. Su iso, bairos ya shige su, juyi ya tsaya a rabi, su ma su fashe, su kira wasu. An ƙona rumbu saboda ɓera, ɓeran kuma yana rumbu na gaba. A lissafin ayarin Greene, kashi 95 cikin 100 na CD4 da suka mutu a gwajinsu ta wannan hanyar suka tafi.

Kada mu yi saurin rufe littafi. Wannan adadin na tsokar da aka raina a kwalba ne, ba na jikin mutum mai rai ba. Su da kansu sun nuna a 2015 cewa CD4 da ke yawo a jini ba sa saurin yin wannan mutuwar, wanda hakan ke bayyana dalilin da ya sa masu nazarin jini suka yi shekaru ba su gan ta ba. Maganin da suka toshe kasfes-1 da shi a kwalba, VX-765, har yau ba ya cikin magungunan da ake ba masu HIV. Kuma wani ayari a St. Louis ƙarƙashin Liang Shan ya kawo wani mai gadin daban, CARD8, wanda ba guntun DNA yake jira ba, almakashin da bairos ke shigowa da shi ne ke tayar da shi. A 2024 suka ba da rahoton cewa a jikin birai irin mangabe wannan mai gadin ya samu naƙasu, ba ya tashi yadda ya kamata. Har yanzu ana tattaunawa kan wane mai gadi ne ya fi laifi, amma duka ɓangarorin sun haɗu a kan cewa wutar daga cikin gida take tashi.

Yanzu sai ɗaya gefen labarin, wanda a wajen mai shan magani ya fi komai muhimmanci: ƙwayoyin da ba sa mutuwa. Bayan haɗin magani uku ya fito a 1996, Perelson da Ho sun yi lissafin cewa tunda ƙwayoyin da suka kamu gajeren rai gare su, shekara 2 zuwa 3 na magani za su iya share bairos ɗin kakaf. Murnar ba ta daɗe ba. A ƙarshen 1997 ayari uku, na Robert Siliciano, da na Douglas Richman, da na Fauci, suka gano maɓoya. Akwai CD4 masu tuna tsohuwar cuta, irin waɗanda ke sa wanda ya yi ƙyanda yana yaro ba ya sake yi. An halicce su ne don su daɗe. Wani lokaci bairos kan gama ɗinka kansa a littafin irin wannan ƙwayar daidai lokacin da take komawa hutu. Sai ya yi lamo. Ba ya haihuwa, don haka magani ba shi da abin toshewa, masu kisa kuma ba su ga tuta ba. Kusan 1 ce cikin miliyan, amma ta isa. Siliciano ya auna cewa maɓoyar na raguwa da rabi ne duk wata 44, a 2003 kuma lissafinsu ya ce share ta zai ɗauki kimanin shekara 73. A 2014 aka ƙara gano cewa wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna rabuwa su haifi irinsu, kowace da kwafin bairos a ciki.

Labarin jaririyar Mississippi ya nuna ƙarfin maɓoyar. An haife ta a 2010, aka fara ba ta magani tana da awa 30 a duniya, aka daina tana wata 18. Ta yi wata 27 ba magani kuma ba a ganin bairos a jininta, duniya ta fara cewa an warke. A Yulin 2014 ya dawo. Mutum na farko da aka tabbatar ya rabu da HIV, Timothy Ray Brown, sai da aka rushe garkuwarsa gaba ɗaya saboda sankarar jini, aka dasa masa ƙwayoyin ɓargon wani mutum da aka haifa ba makullin CCR5, a Berlin a 2007. Aiki ne mai haɗarin mutuwa, ba a yi wa wanda ba shi da sankara.

Saboda haka idan an ce wa mutum "ba a ga bairos a jininka ba", ma'anarsa magani na aiki, kuma matuƙar ya ci gaba a haka ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Ba ya nufin maɓoyar ta tafi. Duk mai maganin da ya ce ya warkar da wani, hujjarsa kuma takardar gwajin da aka yi lokacin mutumin na kan maganin asibiti ko bai daɗe da dainawa ba, wannan giɓin yake ci. Yahya Jammeh na Gambiya ya yi irin haka a 2007, ya ce yana warkarwa da haɗin ganye, ya sa majinyata suka ajiye magungunansu.

Shekaru da yawa ƙa'idar asibiti ita ce a jira CD4 ya sauka kafin a fara magani, saboda tsada da kuma illar magungunan farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara da 200, ta koma 350 a 2010, sannan 500 a 2013. An ma gwada ba mutane hutun magani idan CD4 ɗinsu ya hau, a wani babban gwaji mai suna SMART da ya ƙunshi mutum 5,472. A Janairun 2006 aka dakatar da shi, domin masu hutun sun fi rashin lafiya da mutuwa fiye da ninki biyu, kuma ba cututtukan AIDS kaɗai ba, har da ciwon zuciya da ƙoda da hanta, abin da ya ja hankali zuwa ga kumburin da muka yi bayani. A 2015 gwajin START mai mutum 4,685 a ƙasashe 35 ya nuna fara magani nan take na rage haɗarin ciwo mai tsanani ko mutuwa da kashi 57 cikin 100. Gwajin TEMPRANO da aka yi a Kwaddibuwa ya samu ragin kashi 44. A Satumbar shekarar hukumar ta ce duk wanda aka samu da HIV a fara ba shi magani, ko nawa ne CD4 ɗinsa.

Najeriya ta ɗauki wannan tsarin a 2016. Babban binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da bairos ɗin, kuma kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da shi. A yau awon yawan bairos a jini shi ne ma'aunin ko magani na aiki. Ƙirgar CD4 kuma ana yin ta ne musamman ranar da aka fara gano mutum, ko ranar da ya dawo bayan ya daɗe da barin magani, domin in ta yi ƙasa da 200 sai a binciki tarin fuka da sanƙarau na fangas tun kafin su bayyana.

Nan za mu dakata. Masu tambaya su ajiye a ƙasa, za mu ɗauki wasu a farkon shiri na gaba in Allah ya kai mu.